Ruwan da Ya Riƙe Onelio

Onelio Basulto ba ɗan Camagüey ba ne, kuma shi da bakinsa yake fara faɗa wa duk wanda ya hau kekensa. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune a garin nan namu na ƙasar Kuba, ya san lungunan da mu 'yan gari ma muke ɓata a cikinsu, amma da zarar baƙo ya gyara zama a kujerar baya, kafin ya taka feda sai ya waiwayo ya ce, "Ni ɗin nan da kuke gani, wuni ɗaya na zo yi."

Keken nasa irin na hayar nan ne mai ƙafa uku, da rumfa da kujerar mutum biyu. Shi ya haɗa abinsa da hannunsa a shekarun wahala, lokacin da aikin gyaran taragon jirgin ƙasa ya daina ciyar da gida. Bututun ruwa ne da kujerar tsohuwar bas, sai wani shuɗin tamfol da rana ta cinye har ya koɗe. A bakin dandalin Carmen yake tsayawa da safe cikin layin masu keke, ana jiran motocin 'yan yawon buɗe ido. Samarin layin sun fi shi ƙarfin ƙafa, wasu har rediyo suka ɗaura a kekensu. Shi kuwa labari gare shi, kuma guda ɗaya ne tak.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu kawunsa ya aiko shi daga Santa Cruz, can bakin teku, ya sayo wani ƙarfen injin kwalekwale. Ya sauka daga bas da safe, ya sayi ƙarfen, ya kama hanyar tasha. To, titunan garin nan ba a yi su don mai sauri ba. An ce kakanni ne suka murɗe su da gangan don 'yan fashin teku su ɓata, ko da yake ni ina zargin shanu ne suka fara bin hanyoyin, mutane suka zo suka gina gidaje a gefe. Onelio ya shiga wannan lungu ya ɓulla wancan, ya hango hasumiyar coci ya nufe ta, ya tarar ba ita ce wadda ya wuce da safe ba. Sau uku yana dawowa gaban wata ƙofa mai launin ruwan goro. Rana ta take, maƙogwaro ya bushe. A karo na uku ya ƙwanƙwasa.

Yarinyar da ta buɗe ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi ƙarfen da ke hannunsa, ta ce ya jira. Daga zaure yana hango tsakar gida da ƙatuwar randar nan ja ta ƙasa, irin wadda mutum uku za su shiga su zauna, a ɗan kishingiɗe ƙarƙashin indararo, bakinta na kallon bangon kicin. Yarinyar ta zagaya bayanta, ta fito da moɗa cike. Ya shanye a tsaye. Sai da ya sauke moɗar sannan ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, bawan Allah, ba su faɗa maka ba? Duk wanda ya sha ruwan randa a garin nan ya kamu, ba ya iya rabuwa da shi."

"Ƙarfen dai ya isa Santa Cruz," haka Onelio yake rufe labarin, "amma a hannun direban bas."

Baƙi su yi dariya, su ɗauke shi hoto, shi kuma ya taka feda ya zaga da su. Ya kai su lungun da ya fi kowanne ƙunci, ya kai su mahaɗar nan mai kusurwa biyar, ya tsaya a inuwa su shiga cocin da suka ga dama, tunda coci ba ya cikin abubuwan da muka rasa. Ƙarshen zagaye kullum gidansa ne, ƙofar nan mai ruwan goro. Migdalia, yarinyar da ta buɗe ƙofa a labarin, yanzu da furfurarta da tabarau, ta miƙa musu moɗa in damina ce. Yawancinsu leɓe kawai suke jiƙawa. A shekara ashirin da biyar babu baƙon da ya zauna ko ɗaya, in ban da wani Bajamushe da ciwon ciki ya kwantar sati guda a masauki. Onelio yana sa shi cikin waɗanda ruwan ya kama.

Shi fa ba wasa yake yi ba, wannan ne mutane ba su gane ba. Ya yarda da ruwan nan har cikin ransa. Da rana tsaka, in gari ya yi tsit, tagogi a rufe, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙar keke, yakan ji kamar ba feda yake takawa ba, kwalekwale yake tuƙawa, jajayen rufin gidaje suna tashi suna sauka a gabansa. Akwai wata kwana kusa da gidan burodi inda yake rantsuwa yana jin ƙanshin gishirin teku, alhali tekun na can tafiyar awa biyu a mota. A nan yakan rage gudu, baƙi su ɗauka gajiya ce. Yana kewar teku ƙwarai, bai taɓa ɓoyewa ba. Sau biyu a rayuwarsa ya haɗa kaya bayan sun yi faɗa da Migdalia, ya je har tasha, ya yanki tikiti, bas ta cika ta tashi yana zaune a kan benci. Da ya dawo gida ta tambaye shi me ya dawo yi, sai ya nuna randar da haɓa ya ce, "Tambayi waccan."

'Yarsu ɗaya ce, Yanelis. Da ruwan randar aka yi mata wankan farko, shi ta sha ta girma, ga shi shekara tara ke nan tana Sifaniya. In ka kawo wa Onelio wannan don ka ƙure shi, amsarsa a shirye take. Ƙarfin ruwan yana raguwa a jiki, in ji shi, sai an sabunta, kuma shan ranar tafiya shi ne mai aiki. Yanelis kuwa a watan Maris ta tafi, randa a bushe ƙayau, ta fita gida ba komai a cikinta sai gahawa. Yakan ce laifinsa ne, da ya ajiye ko kwalba ɗaya da yanzu tana nan. Wannan maganar ba ya yin ta da dariya.

A watan Fabrairu Yanelis ta bugo waya. Ciki gare ta, tagwaye ne kuma, likita ya ce ta kwanta, mijin kuma aikinsa a wani gari. Tana son uwarta ta zo, wata uku kawai. Ta ce Baba ma ya zo, za ta yi masa takardu.

"Ni ina zan je, 'yata?" in ji Onelio. "Na sha ruwa."

"Ba ni wayar nan, tsoho," in ji Migdalia, "kana ɓata wa yarinya lokaci da zancen tukunya."

Wata uku. Duk wanda ke zaune a lungunmu ya san tsawon wata uku. Matar mai aski wata uku ta je yi, jikan da ta je raino yanzu gemu yake askewa. Gidan da ke kallon nasu da alkawarin wata uku aka sa masa kwaɗo, yau bishiya ce ta tsiro a tsakar gidan har tana leƙo titi. Onelio bai hana ba, wa zai hana uwa zuwa wurin 'yarta? Amma tsoro ya shige shi, irin wanda yake hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Aka sa ranar tafiya, huɗu ga watan Mayu, motar da za ta kai ta filin jirgi a Habana za ta zo ƙarfe huɗu na yamma. Ya ƙirga da yatsu, hankalinsa ya ɗan kwanta, don ruwan farko na Mayu bai cika makara ba.

Randar a bushe take. Ma'aikatan yaƙi da sauro sun sa an kwashe sauran ruwan tun watan Janairu, kuma da gaskiyarsu, zazzaɓi ya kwantar da rabin unguwa bara. Onelio ya shiga cikinta da buroshi ya wanke ta tas, ya hau rufi ya share ganye, ya ɗaure indararo da waya inda ya saki. Daga nan sai kallon sama. Afrilu ya zo ya wuce. Kullum da la'asar hadari yakan haɗu can wajen makiyayar shanu, ya yi baƙi, ya yi gurnani har karnuka su shige ƙarƙashin tebur, sannan ya watse kamar ya tuna da wani alkawari a wani gari.

"Tsoho, yau ma sama ake tuƙawa?" samarin layin keke suke ce masa. "Ka dubi hanya, kar ka zubar mana da Turawa a kwata."

"Ku bar ni," yake cewa, "ku da ba ku san abin da ke riƙe mutum ba."

Ɗaya ga Mayu ta wuce, biyu ta wuce, uku ta wuce. Ranar huɗu gari ya waye sama fes, ko gajimare na kunya babu. Migdalia ta gama shirya akwati tun jiya, ta cusa garin gahawa a cikin takalma, ta naɗe alewar gwaiba a cikin rigar sanyin da maƙwabciya ta ara mata. Tana zaune a kujerar lilo tana fifita sai ga Onelio ya shigo da farar rigarsa ta zuwa biki.

"Tsohuwa, sa takalminki."

"Ina za ni? Motar sai ƙarfe huɗu."

"Yawon buɗe ido."

"A garin da aka binne cibiyata?"

"Shekara ashirin da biyar ina zagawa da Turawa. Ke ba ki taɓa hawa keken nan ba sai in kasuwa za ki ko asibiti. Za ki je can su tambaye ki yaya garinku yake, ki ce musu layin burodi kika sani?"

Ta harare shi ta saman tabarau, amma ta tashi. Tana ciki tana gyara gashi ya zare moɗar daga ƙusar da take rataye, ya naɗe ta a tsumma, ya tura ƙarƙashin kujerar keke. Dabararsa ke nan. Garin da ake yi wa kirari da randuna, ba zai yiwu a ce babu guda ɗaya da ta riƙe ɗan ruwan bara a gindinta ba.

Ta hau, ta gyara zama, ta ɗora jaka a cinya. Ya waiwayo, bisa al'ada, ya buɗe baki.

"In ka ce min wuni ɗaya ka zo yi, sauka zan yi," in ji ta.

Ya rufe bakinsa ya taka feda.

Suka fara da dandalin Carmen. A can akwai mutum-mutumin mata uku na tagulla, sun haɗa kai suna gulma, an bar kujera ɗaya ba kowa don mai son sa baki. Onelio ya ce ta zauna, haka baƙi suke yi. Ta zauna, ta kara kunne kusa da bakin ta tsakiyar.

"Me suke cewa?"

"Wai mijina ya fara taɓuwa."

"Zauna ki ji ƙarshen zancen, bari in gaisa da wani a gidan can."

Ya zaro tsumman ya ɓoye a bayansa, ya shiga wani gida mai faɗin tsakar gida da yake kai baƙi. Randa biyu gare su. Ya leƙa ta farko, busasshen ganye. Ya leƙa ta biyu, ƙwallon yara da tsintsiya. Ya fito yana murmushi kamar an ba shi kyakkyawan labari, ya ce mutanen gidan suna gaishe ta.

Daga nan suka bi ta gaban cocin La Merced suka nufi gidan tarihi. Mai gadin wurin, Rigoberto, tsohon abokinsa ne na wasan domino. Onelio ya ja shi gefe ya yi masa raɗa.

"Ruwa?" in ji Rigoberto da ƙarfi, shi da ba ya iya magana ƙasa-ƙasa. "A randa? Haba ɗan'uwa, furanni muke shukawa a ciki tun kafin in fara aiki a nan. In ƙishi kake ji ga kwalbata."

"Rufa min asiri, rage murya."

"Migdalia ce a keke? Ke maƙwabciya, an ce za ki haye teku! Ki gaishe min da ƙanwata in kin gan ta, ita ma wata uku ta je yi."

Onelio ya ji kamar ya shaƙe shi. Ya koma kan keke bai ce masa sai an jima ba.

Haka suka yi ta yi. A wani otal ya samu randa an sa mata fitila a ciki don ado. A wani tsohon gidan 'yan zuhudu duk an kifar da randunan. A babban lambun gari da ke ƙetaren kogi ya durƙusa ya zura kai cikin wata da ke kwance a gindin bishiya, kyanwa ta yi masa tsawa, tana shayar da 'ya'yanta huɗu. Kowane wuri da dalilin da yake bayarwa na sauka, yanzu gaisuwa, an jima duba taya. Migdalia ba ta tambaye shi komai ba.

Rana ta take, gari ya shiga tsit ɗin nan nasa. Ita da ta zo da niyyar tsokana, sai ta jingina da kujera tana kallon gari. Shekaru ke nan tana bin titunan nan kanta a ƙasa, tana kallon ramuka da jakar cefane, ba ta ɗaga ido ba. Yau daga ƙarƙashin shuɗin tamfol sai ta ga garin yana zuwa mata a hankali: dogayen tagogi masu sandunan katako, bango ruwan hoda, bango kore, wata tsohuwa tana barci a bakin taga da kejin tsuntsu a gefenta, hasumiya ta ɓace a bayan rufi ta sake fitowa ta inda ba a zata ba. Ƙararrawar wani coci ta buga, wata ta amsa mata daga nesa, a makare kamar kullum. Ta ga barandar da malamar ɗinkinsu take shanya zannuwa tun tana 'yar shekara goma. Malamar ta daɗe da rasuwa, amma ga zannuwa nan farare suna kaɗawa. Gaban rigar mijinta ba ta gani, sai bayan, ya jiƙe sharkaf da gumi, kafaɗun nan da suka rage faɗi suna hawa suna sauka. Tausayinsa ya kama ta har ta kawar da kai.

Da suka zo kwanar gidan burodi ya rage gudu.

"Nan ne?" ta tambaya.

"Nan ne."

Ta lumshe ido ta ja numfashi. "Ni burodi nake ji." Keken ya ɗan gangara da kansa. Can ta ce, a hankali, "Da ɗan gishiri-gishiri dai."

Bai waiwayo ba, amma ta ga kunnuwansa sun motsa, alamar murmushi yake.

Ƙarfe uku saura suka dawo ƙofar mai ruwan goro. Onelio ya shigar da keken zaure, ya wuce tsakar gida, ya tsaya a gaban randar. Sama tana nan fes. Ya dafa cikin randar da tafin hannu, ya jingina goshinsa, ya daɗe a haka. 

Migdalia ta shigo da tsumman a hannunta, ta warware, ta ajiye moɗar a kan kujera.

"Tun safe abin nan yake ƙara a ƙarƙashina. Ka ɗauka kurma ce ni?"

"Ko ɗigo babu, Migdalia." Ya juyo ya dube ta. "Gari guda, ko ɗigo. Za ki fita haka, yadda yarinyar nan ta fita. Ni na san yadda ake yi. Wata uku, sai a ce tagwaye sun yi ƙanana, sai a ce bari su fara tafiya, sai a ce bari su shiga makaranta. In wayi gari ina ba Turawa labarin matar da ba ta nan."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta cire tabarau ta goge da bakin riga, abin da take yi in za ta faɗi maganar da ba ta so.

"Zo nan. Kawo hannunka."

Ta ja shi bayan randar, wajen bangon kicin, ta sunkuya ta ɗora yatsunsa a kan wani dogon tabo na siminti da ya taso daga gindi har kusan tsakiya.

"Mene ne wannan?"

"Gyaran da mahaifinki ya yi. Tun kafin in zo."

"Wa ya ce maka tun kafin ka zo? Bayan bikinmu ya yi shi, satin da muka je Santa Cruz gaishe da danginka. Shekarar da ka ƙwanƙwasa ƙofar nan randar a tsage take, tsoho. Kaza ce take ƙwai a ciki."

Onelio ya miƙe a hankali. "To ruwan da na sha fa?"

Ta turo leɓe wajen ƙofar kicin, wadda ke nan taku biyu a bayan randar, inda wanda ke tsaye a zaure ba zai gani ba.

"Famfo."

"Famfo?"

"Famfo. Ina bakin taga ina kallonka, ka wuce sau ɗaya, ka wuce sau biyu, rungume da ƙarfenka, baki buɗe kamar maraƙin da ya ɓata. Na ce a raina, wannan in ya kuskura ya dawo na uku, ba zai koma ba. Na shiga kicin na cika moɗa, na fito ta bayan randa, na yi maka wayyo."

Ya nemi bakin randar ya dafa. Benci na tasha ya faɗo masa a rai, da bas biyun nan da suka tashi yana kallo. Dubban baƙin da ya tsayar a zauren nan suka faɗo masa, da hotunansa da ke can ƙasashen da bai san sunansu ba, yana nuna tukunya da alfahari. Kunya ta rufe shi, haushi ya biyo baya, sai kuma wani daɗi da bai san inda zai ajiye shi ba.

"Bajamushen nan fa?" ya ce, don shi ne abin da ya fara zuwa bakinsa.

"Naman alade ya ci a bakin titi."

"Shekara arba'in da ɗaya, Migdalia! Kina ji ina faɗa kullum, har ki miƙa musu moɗa!"

"To in ce me? In ƙaryata ka a gaban Turawa?" Ta mayar da tabarau, ta dubi ƙasa. "Kuma tsoro nake ji. Na ga yadda kake tsayawa a kwanar gidan burodi. Na ce in ya san ba abin da ya ɗaure shi, ranar da muka sake faɗa bas ɗin nan da shi za ta tashi."

"To me ya riƙe ni?"

"Oho. Ni ma tun ina da baƙin gashi nake jira ka gane." Ta share ido da bayan hannu, ta murtuke fuska don kar ya gani. "Yanzu dai ka sani. In wata uku ya cika ba ka gan ni ba, ba ka da tukunyar da za ka fake da ita. Ka sa a yi maka takardu ka biyo ni, ka ja ni da hannu ka dawo da ni."

Daga bakin lungu mota ta yi ham sau biyu. Direban ya zo da wuri, kuma lungun ya fi ƙarfin motarsa, sai dai a kai masa kaya.

Onelio ya juya. Ya ɗauki moɗar daga kan kujera ya shiga kicin. Famfon garin nan ba kullum yake da abin faɗa ba. Ya murɗa, famfon ya yi tari, ya hura iska, ya yi shiru. Onelio ya ɗan buge shi da gefen hannu yadda ya saba. Can sai ga wani siririn ruwa, ɗumi-ɗumi saboda rana, yana saukowa kamar ba ya so. Ya tara har ta cika. Motar ta sake yin ham.

Migdalia ta riga ta ja akwatinta zuwa zaure, tana tsaye daidai inda wani saurayi ya taɓa tsayawa da ƙarfe a hannu. Daga nan randar kawai take gani, ja, a kishingiɗe ƙarƙashin busasshen indararo. Sai ga tsohon ya zagayo ta bayanta a hankali, da farar rigarsa da ta jiƙe, yana riƙe da moɗa hannu bibbiyu kar ta zube.

Ta karɓa. Ta shanye a tsaye, har ƙasa, ruwan yana bin gefen bakinta. Da ta sauke, Onelio ya dafe ƙirji.

"Wayyo, baiwar Allah," ya ce, "ba su faɗa miki ba?"

"Sun faɗa min," in ji ta. Ta goge baki, ta danƙa masa moɗar, ta kama hannun akwati. "Mayar da ita kan ƙusarta, tsoho. Kar in dawo in yi ta nema."